Za a iya haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa a ginin da aka riga aka gama?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da bene hawa ɗaya kusa da Kantin Kwari a Kano, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Faɗinsa kamar mita 8, tsawonsa mita 10, kuma ya kai shekara 20 da ginawa. Hagu da dama maƙwabta ne, bango na jingine da bango. Wurin ajiyar yadi ya yi mini kaɗan. Yarona ya nuna mini bidiyon yadda ake haƙa ɗakuna a ƙarƙashin gidaje a Landan ba tare da an rushe komai ba, wani magini kuma ya ce zai yi mini irinsa cikin wata biyu. Abin yana yiwuwa? Me ya kamata in sani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yana yiwuwa, kuma abin da yaronka ya nuna maka ba siddabaru ba ne. Amma maganar wata biyu, ka ajiye ta gefe tukuna. Zan bayyana maka dalili.

Mu fara da gyara yadda ake kallon aikin. Mai gida yana ganin rami ne za a haƙa a yi masa bango. Injiniya kuwa abin da yake gani shi ne za a ɗauke ƙasar da gini yake tsaye a kanta, a sa masa wasu ƙafafu sababbi, alhali yana tsaye da dukkan nauyinsa. Bene irin naka, idan bangon bulo ne ke ɗauke da dakin, wato rufin kankare, kowace mita ɗaya ta bango tana sauke wa ƙasa nauyin da ya kai tan 5 zuwa 7. Wannan nauyi ba ya tafiya hutu don ana aiki. Kuma ba a tsaye cak yake sauka ba, yana bazuwa ne cikin ƙasa gefe da gefe kamar yadda tsibin gero ke faɗaɗa daga sama zuwa gindi. Saboda haka ko ba ka taɓa ƙarƙashin fandisho ba, muddin ka yanke ƙasar da ke gefensa ka zarce zurfinsa, ka cire masa abin da ke riƙe da shi.

Ƙasa kaɗan ce ke motsa gini babba. Hasumiyar Pisa ta Italiya, wadda ta shahara da karkata, tsakanin 1999 da 2001 an miƙe ta da sama da santimita 40, ba da igiya ko jak ba, sai ta hanyar zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin ɓangaren da ya fi tudu. Duk abin da aka zaro bai wuce mita kubik 38 ba, wato lodin tifa 'yan kaɗan. Kai kuwa, mita 8 sau 10 sau zurfin mita 3, ƙasar da za ta fita mita kubik 240 ce, nauyinta ya haura tan 400, kuma idan aka sassaƙe ta tana kumbura ta kusa kai 300. Dukkanta da baro da kwanon sarki za a fitar da ita, ta ƙofar shago, a titin da ko mai kura da ƙyar yake wucewa.

Yanzu ga yadda ake yin aikin idan za a yi shi daidai.

A bakin injiniyoyi sunansa andafinin. Ni nakan ce wa masu gida ƙarin ƙafa, don shi ke nan abin da ake yi: fandishon da ya tsaya a zurfin mita ɗaya ana ƙara masa ƙafa ta kankare har ya sauka ƙasa da inda daɓen sabon ɗakin zai zauna. Ba a yin sa a tashi ɗaya. Ana raba tsawon bango gida-gida, kowane gida kamar mita ɗaya, kada ya wuce mita 1.2, sannan a rubuta musu lamba a jikin bango da fenti: 1, 4, 2, 5, 3, sai a sake 1, 4, 2, 5, 3, har a zagaye. Ranar farko masu lamba 1 kaɗai ake haƙawa. Ka duba jerin da kyau, za ka ga babu lambar da ke maƙwabtaka da wadda ke biye mata. Hikimar ita ce a kowane lokaci kashi ɗaya cikin biyar na bango ne kawai ke rataye a kan rami, kuma bangon da tsohon fandisho suna iya tsallake gurbin mita ɗaya kamar yadda linta ke tsallake ƙofa, su jingina nauyin a kan ƙasar da ba a taɓa ba ta hagu da dama.

A kowane gida, ana haƙa rami kamar rijiya mai kusurwa huɗu, ana kafe gefunansa da katako ko faifan ƙarfe da matokarai tun daga sama, ba sai an kai gindi ba. Mahaƙan rijiya na gargajiya sun san wannan, shi ya sa suke sauke kwalbati suna tafiya. Idan an kai zurfin da zane ya ce, injiniya ya leƙa ya tabbatar ƙasar gindin ita ce wadda aka yi lissafi da ita, a share ƙarƙashin tsohon fandisho tas, a ɗaura rodi, a bar wasu rodin sun leƙo gefe don su kama gidan da zai zo daga baya, a zuba kankare. Amma ba a cika shi har ya taɓa tsohon fandisho. Ana barin tazara kamar inci 3.

Wannan inci ukun shi ne inda ake gane gwani. Kankare yana ɗan tsukewa idan yana bushewa, don haka in ka zuba shi har sama, gobe za ka tarar da siririyar kafa tsakaninsa da fandisho, ginin kuma zai sauko ya cike ta da kansa. Shi ya sa ake jira kwana ɗaya, sannan a kwaɓa siminti da yashi mai kaifi da ruwa ɗan kaɗan, irin wanda in ka dunƙula a hannu zai tsaya amma ba zai jiƙa maka tafi ba, a riƙa cusa shi cikin tazarar ana dannawa da guntun katako da guduma har ya ƙi shiga. Aiki ne mai gajiyarwa, a durƙushe, a wurin da ba mai gani. Leburan da ake biya da yawan ramin da ya gama zai shafe bakin kawai ya bar ciki fanko. Ba a ganewa a ranar. Sai bayan wata uku ƙofofin sama su fara cijewa. Bayan an cusa, a ƙara jira aƙalla kwana biyu kafin a taɓa gidan da ke kusa.

To ka yi lissafi da kanka, Alhaji. Kewayen gininka mita 36, ga bangon tsakiya, gidaje sun haura 40. Kowane ɗaya haƙa da hannu, kafe gefe, rodi, kankare, jira, cusawa, jira. Kuma wannan duk share fage ne, ba a fara kwashe ƙasar tsakiya ba. Wanda ya ce wata biyu, ko dai bai taɓa yi ba, ko kuma ya yi niyyar buɗe rami uku huɗu a jere don ya yi sauri. Na biyun ya fi ba ni tsoro.

Akwai kuma wata matsala da bidiyon Landan ba zai nuna maka ba. Gidajen da ake yi wa wannan aiki a can galibinsu tsofaffin gidajen jan bulo ne, nauyinsu yana bin dogon bango. Benayen kasuwa na wajenmu yawanci fila ce ke ɗauke da su, kowace fila tana zaune a kan nata faifan kankare, tana sauke tan 30, 40 ko fiye a wuri guda. Fila ba ta da hagu da dama da za ta jingina. Ba za ka haƙa rabin ƙarƙashinta ka ce ta jira ba. Dole a fara kafa wasu ƙafafu na wucin gadi a gefenta, ko turakun kankare sirara da ake hudawa da ƙaramin inji, a gitta manyan ƙarafa a kansu, a ɗaure filar a jikinsu, a ɗaga da jak a hankali har nauyin ya bar tsohon faifan ya koma kan ƙarafan, ana auna motsi da milimita. Sai a haƙa, a gina sabuwar fila daga gindin ɗakin, a mayar mata da nauyin. Fila ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai nan ma sai an san me ke cikin filar, rodi nawa, wane kauri, kankaren yana da ƙarfi ko yashi ne aka shafa wa siminti. Gini mai shekara 20, da wuya a sami zanensa, in ma an samu da wuya ya zama shi aka bi.

A ce an gama ƙarin ƙafa lafiya. Yawancin mutane a nan suke sakin jiki, nan ne kuma haɗarin ya fi yawa. Da zarar an fara kwashe ƙasar tsakiya, waɗannan ƙafafun sun tashi daga masu ɗaukar nauyin sama kawai, sun zama bangon da ke tare ƙasar waje. Ƙasa mai zurfin mita 3 tana tura kowace mitar bango da ƙarfin da ya kai tan 4. Idan ta sha ruwa ta ƙoshi, turin yana kusan tan 7, ban da nauyin ginin maƙwabci da tirelar da za ta tsaya a ƙofa tana sauke dila. Turin kuma ba ya ƙaruwa daidai da zurfi: in ka ninka zurfi sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. Ga shi an fasa jaman fulo, wanda shi ne dā yake ɗaure bangaye da juna daga ƙasa. Don haka kafin a sauka, ana gitta matokaran ƙarfe daga bango zuwa bango, a sama da kuma kusa da gindi, kuma ba a cire ko ɗaya sai an zuba daɓen ƙasa da sabon dakin da zai rufe ɗakin, sun yi ƙwari. Matokaran nan suna tare hanya, baro ba ya wucewa, leburori sun tsane su. Na taɓa zuwa wani aiki da sassafe na tarar an kwance guda biyu an jingine a bango, wai za a mayar in an gama fitar da ƙasa. Allah ya rufa asiri ba a yi ruwa a daren ba.

Ba wajenmu kaɗai ake wannan ganganci ba. A watan Maris na 2015 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta kai samame wurare 127 da ake haƙa irin waɗannan ɗakuna a yammacin Landan, kusan rabinsu suka faɗi jarrabawar, kuma ramin da ba a kafe ba yana cikin manyan laifuffukan. A Nuwamban wannan shekara wani gida a unguwar Barnes ya rufta ana cikin yi masa aikin. A Shanghai ta China kuwa, ranar 27 ga Yuni 2009, bene mai hawa 13 da ake gab da gamawa ya kwanta a ƙasa ɗungurungum, ko tagoginsa da yawa ba su fashe ba. An haƙa ramin wurin ajiye motoci mai zurfin mita 4.6 a gefe ɗaya, aka tara ƙasar da aka haƙo har tsayin mita 10 a ɗaya gefen, ruwan sama ya sauka, ƙasa ta tura turakun ginin suka karye. Mutum ɗaya ya rasu. Ginin kansa lafiyarsa lau, tsarin haƙar ne ya kayar da shi.

Don kada in tsorata ka kawai, ga ɗaya gefen. Otal ɗin Claridge's da ke Landan an haƙa masa hawa biyar a ƙarƙashi, baƙi suna kwana a sama ba a rufe shi saboda aikin ba. Da hannu aka haƙa, aka bi ta ƙananan ramuka a ƙarƙashin faifan da ke ɗauke da otal ɗin, aka sauke rijiya a gindin kowace fila, aka gina sabuwar fila a cikinta, sannan aka kwashe ƙasar tsakiya. Aikin ya ci shekaru. Babbar majami'ar York, tsakanin 1967 da 1972, da aka haƙa don ceto hasumiyarta da ke nutsewa, ramin ya zama ɗakin tarihi da mutane ke shiga har yau. Ilimin yana nan. Abin da waɗannan ayyuka suka yi tarayya a kai shi ne an kashe lokaci da kuɗi wajen bincike da tsara matakai kafin diga ta taɓa ƙasa.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce za ta yanke hukunci a naka.

Kano tana zaune ne a kan dutse, samansa ruɓaɓɓen dutse da yumɓu da marmara. Marmara da rani tana yaudara. Ka yanke ta a tsaye kamar bango, ta tsaya, magini ya ce ka gani, ba ta bukatar katako. Amma abin da ke ƙarƙashinta sau da yawa laushi gare shi, in ya jiƙe sai ya saki, ta ɓalle a dunƙule. Sannan cikin birni da kewayensa akwai wurare da yawa da dā kududdufai ne, aka cike da shara da ɓaraguzai aka yi gini a kai. Wanda filinsa ya faɗa irin wannan, bai san abin da ke mita biyu ƙasa da shagonsa ba sai ya tona. Da a Maiduguri ko Numan kake, da na ƙara maka da baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, wadda ita kaɗai darasi ce.

Ruwan ƙasa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Rijiyar da ake sa doguwar igiya a watan Afrilu, a Satumba da hannu ake ɗiba. Wanda ya tona da rani ya ga busasshiyar ƙasa bai ga komai ba. Ni ƙa'idata a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ita ce a yi lissafi kamar wata rana ruwa zai cika har kusa da saman ƙasa, domin ko ruwan ƙasa bai taso ba, bututun famfo zai fashe, kwata za ta toshe, ko sokawen maƙwabci ya yoyo.

Ruwa yana cutar da ɗakin ta hanya uku. Ta farko lokacin haƙa: yana narkar da gindin rami, kuma idan aka sa inji ana zuƙe shi ba tsari, yana tafiya da ɓarɓashin ƙasa daga ƙarƙashin ginin maƙwabci. In ka ga ruwan da inji ke fitarwa ya yi kalar koko, ƙasar wani ce ke fita. Wannan ce ta sa a majami'ar Winchester ta Ingila, daga 1906 zuwa 1911, sai da aka ɗauko mai nutso, William Walker, yana shiga ramuka cike da ruwa cikin duhu yana jera buhunan kankare, sama da 25,000, ya toshe gindin kafin a yarda a zuƙe ruwan magina su shiga.

Ta biyu ɗagawa. Ɗakin da ba ya shan ruwa kwalekwale ne. In ruwa ya tashi mita 2 sama da daɓensa, kowace murabba'in mita tana samun turi na tan 2 daga ƙasa, a naka tan 160 ke nan gaba ɗaya. Nauyin benenka yana iya danne shi, amma nauyin yana sauka ne a bangaye da filoli, tsakiyar daɓen kuwa ba abin da ke kansa sai dilolin atamfa. Daɓen inci 4 da ragar waya irin na tsakar gida zai kumbura ya dare. Na ɗakin ƙarƙashin ƙasa kauri gare shi, rodi sama da ƙasa, a ɗaure da bangaye su zama akwati guda.

Ta uku yoyo da danshi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa bangon da aka yi da ƙarin ƙafa tun ran gini a tsage yake, tunda guntu-guntu aka zuba shi: kowace mita akwai gaɓa, ga gaɓar sama inda aka cusa siminti, ga ta ƙasa inda ya haɗu da daɓe. A sabon gini ana shafa kwalta ko a manna shimfiɗar hana ruwa ta waje. A nan wajen yana ƙarƙashin gidan maƙwabci, hannu ba ya kaiwa. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 8102 ta kasa kariya gida uku: shamaki da ake shafawa ko mannawa, kankaren da shi kansa aka tsara ya hana ruwa da robar toshiya a gaɓoɓinsa, sai kuma wanda ake barin ruwan ya shigo ta bayan wata leda mai ƙuraje da aka lulluɓe bango da daɓe da ita, ya gangara ƙaramar kwata zuwa rami, inji ya fitar. Inda kayan ciki ba sa son laima, ana haɗa biyu. A Landan na ukun ne ya fi yawa a irin wannan aiki.

Ka lura da kalmar inji. Rayuwar ɗakin ta rataya a kan wuta, kuma daren da aka fi tafka ruwa shi ne daren da aka fi ɗauke ta. Sai an sa inji biyu, da batir ko sola, da ƙararrawa, da wanda zai riƙa duba su duk shekara har abada. Janareto kuma ba ya shiga ɗakin ko bakin matakalarsa, hayaƙinsa yana kashe mutum bai ji warin komai ba. Sannan duk wannan ruwan ƙasa ne. Na sama fa? Kai ka fi ni sanin abin da ambaliyar daminar 2022 ta yi wa kayan mutane a Kantin Kwari, a shagunan da ke daidai da titi. Ɗakin da ke mita 3 ƙasa da titi shi ruwa zai fara nema. Dole bakin matakala da duk wata kafar iska su ɗaga sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ko ba digo ɗaya, iskar ɗakin ƙarƙashin ƙasa tana riƙe laima, shadda da leshi kuwa ba sa yafe fumfuna. Kana bukatar iska mai zagayawa, katakon ɗora kaya, da tazara tsakanin kaya da bango. Ɗakin da ke cike da yadi kuma yana bukatar hanyar fita biyu saboda gobara.

Maƙwabta. A Ingila akwai dokar bangon tarayya ta 1996, wadda ta wajabta ka sanar da maƙwabci a rubuce in za ka haƙa cikin mita 3 daga gininsa kuma ka zarce zurfin fandishonsa, a naɗa masu duba gini, a rubuta halin da gidansa yake kafin a fara. Duk da haka koke ya yi yawa har ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta taƙaita abin a 2015: galibi hawa ɗaya kawai, kada ya ci fiye da rabin lambun gida, kuma ban da ƙarƙashin gine-ginen tarihi. Kai ko ba wanda ya tilasta ka, haƙƙin maƙwabtaka ya isa. In bangonku ɗaya ne, ƙarin ƙafar da za ka yi a ƙarƙashin gininsa ne ma. In bango biyu ne a jingine, naka zai koma kan ƙafa mai zurfi, nasa yana nan a sama-sama, kuma shi zai fi jin motsin. A zauna da su tun farko, a zagaya da mai unguwa ko shugabannin layi, a ɗauki hoton kowace tsaga da kwanan wata. A kafa alamomi a bangaye ana auna su da na'urar lebur kullum, a kuma rubuta tun kafin a fara cewa in motsi ya kai milimita kaza za a tsaya. Ko aikin ya yi kyau, siririyar tsaga kamar gashi a filasta tana iya fitowa. Wadda ta kai milimita 5 ta fara magana. Ta 15 zuwa sama, a fitar da mutane tukuna a yi shawara daga waje. Shagunanka na ƙasa kuwa a rufe za su kasance tsawon aikin, ka sa wannan hasarar a lissafi.

Game da izini ba sai na tsawaita ba: zane da lissafi daga injiniyan gini mai rajistar COREN (hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya), wanda ya taɓa yin aikin ƙarƙashin ƙasa, da amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Abin da zan ƙara shi ne ka nemi zane iri biyu. Na ɗakin in an gama, da na matakan aiki: wane rami kafin wane, matokari ina, yaushe za a cire shi. In aka ba ka na farko babu na biyu, rabin aiki aka ba ka, kuma rabin da ba shi da haɗari.

Ra'ayina, tunda ka tambaya. Abin da ya sa attajiran Landan ke nutsawa ƙasa shi ne an hana su hawa sama, an hana su rushewa, ƙasar kuma tsadarta ta wuce hankali, ga yumɓun Landan mai haƙuri da haƙa. Kai ba a ɗaure ka haka ba. Murabba'in mita ɗaya ta irin wannan ɗaki tana cin kuɗin da ya ninka na ginin sama, kuma bayan an cire kaurin sababbin bangaye da matakala, mita 80 ɗinka za ta dawo wajen 60. Akwai hanya mai sauƙi da ba a taɓa fandisho, a ja da baya daga bango gwargwadon zurfin da za a ƙara, a yi ɗakin a tsakiya. Amma in za a zarce fandisho da mita 2, an ja mita 2 ta kowane gefe, ɗakin ya zama 4 sau 6, in ma filolin tsakiya sun bari. Da ni ne, zan fara sa a auna ko ginin zai ɗauki ƙarin hawa mara nauyi na ƙarfe a sama. In ba zai ɗauka ba, zan kwatanta da hayar sito a bayan kasuwa. In kuma lallai sai ɗakin ƙasa a wannan fili, sau da yawa rushewa a sake gini da ɗakin tun daga tushe ya fi araha, ya fi tsaro, ko da yake shi ma sai an tare ƙasar maƙwabta.

In har yanzu zuciyarka na kai, matakin farko ba shi da tsada. A tona ramukan gwaji uku ko huɗu a jikin fandisho, ɗaya a gindin fila, ɗaya ta bangon kowane maƙwabci, a auna zurfi da faɗi da kauri, a mayar da ƙasa a danne a ranar. A kawo masu gwajin ƙasa su huda aƙalla mita 8 zuwa 10, su bar bututu a ramin. Ka sa yaronka ya riƙa zura awo yana rubuta zurfin ruwan duk Juma'a daga Yuni zuwa Oktoba. Ka kai wa injiniyanka wannan takardar tare da sakamakon gwajin, daga nan ne zai iya ce maka a yi ko a bari, kuma nawa.